Ƙulli Uku a Ganyen Tanget

Ƙarfe bakwai na safe aka bugo wa Sufeto Kila Morea waya. An tsinci gawar ɗalibi a kwaren da ke bayan laburaren Kwalejin Malamai ta Omkare.

Da ya isa bai ji kuka ba, kuma shirun ne ya tayar masa da hankali. Ɗalibai 'yan yankin tsaunuka fiye da ɗari biyu suna tsaye a filin ƙwallo, fuskoki shafe da farar lakar makoki, adduna a hannu. Wuta na ci a tsakiyarsu, an cusa rodi biyu a cikinta. 'Yan gabar teku sun kulle kansu a ɗakunan kwana.

"Yallabai, cewa suke mayya ce ta cinye shi," in ji Saje Yopo. "Matar laburare. Uban yaron kawai suke jira. Yana hanya, kafin azahar zai iso."

Morea ya san abin da ake yi wa mace da jan rodi. Bara ya kwashi abin da ya rage na gawar wata mata. 'Yan sanda huɗu gare shi da mota ɗaya, shi kansa kuma mutumin gabar teku ne.

Sunan mamacin Wemin Kaupa, ɗan aji uku, sakataren Ƙungiyar Ɗaliban Tsaunuka. Ƙeyarsa a fashe take.

"Mayyar nan da dutse take yawo ke nan," Morea ya ce.

A aljihun rigar yaron ya sami ganye guda na wata shuka da ake kira tanget, an yi masa ƙulli uku, an mayar da bakin ganyen ciki.

Mama Dika Henao tana zaune a ƙasa bayan kantar laburare, ta kashe fitilu. Shekararta talatin da ɗaya tana ba da aron littattafai a ɗakin nan.

"Me yake kawo Wemin wurinki kullum, Mama?"

"Tarihin ƙungiyoyi yake rubutawa, na bikin cikar kwaleji shekara hamsin. Ya gama na mawaƙan coci, da 'yan rugbi, da masu muhawara. Saura nasu. Sai na ba shi tsohon littafin taronsu."

"Ina littafin?"

"Ban sani ba."

"Mama, matsa kaɗan. A kansa kike zaune."

Ta matsa. Morea ya buɗe inda Wemin ya naɗe kunnen takarda. Shekarar 1994 ce. Kotun ƙungiya ta aika wa wani ɗalibi ɗan gabar teku sammaci da ƙullallen ganye saboda ya nemi yarinyar tsaunuka, ta yanke a tsoma shi a kogi. Bai fito ba. Kwaleji ta ce haɗari ne, amma ta hana aika ganye tun daga ranar. Ba a rubuta sunan alƙalin ba. Muƙaminsa kawai aka sa: Mai Ƙulli.

"Ranar Asabar ya ce zai karanta shi gaban kowa," in ji Mama Dika. "Na ce masa, ɗana, bari. Ya yi dariya. Sufeto, za su ƙone ni?"

Morea bai yi mata alkawari ba. Ya bar mata ɗan sanda biyu a ƙofa.

Aka kawo masa Bomai, shugaban ƙungiyar, ƙato mai laka har wuya. Morea ya ajiye ganyen a kan tebur.

"Mene ne wannan?"

"Ganye. Ban taɓa ganinsa ba."

"To me ya sa ka ja da baya?"

"Wemin ya nuna mini ran Litinin. A ƙarƙashin ƙofarsa ya gan shi. Muka yi ta dariya, na ce kakarsa ce ta aiko masa da wasiƙa. Mu ta waya muke kiran taro, Yallabai. Ko ɗayanmu bai iya karanta shi ba."

"Wa ya karanta masa?"

"Uban ƙungiya, Mista Apa Gende. Ya ce ƙulli uku kwana uku ne, kuma bayan laburare ake zuwa."

"Wa ya fara kiran mayya da safen nan?"

"Ba wanda ya... Mista Gende dai ya tambaya, me yaro mai lafiya yake yi kullum wurin tsohuwar da ba ta da miji."

Mista Gende malamin lissafi ne, kuma tsohon ɗalibin kwalejin. Morea ya same shi a ofis, taye a wuya, ɗan ɗigon laka a goshi.

"A ƙasar waje, a Brisbane, na yi digiri, Sufeto. Ni da ganye? Yaran nan ke da camfi."

"Bomai ya ce kai ka karanta wa Wemin."

"Bomai ya faɗi lissafi sau biyu. Ba ya riƙe komai."

"Wace shekara ka gama nan?"

"Tasa'in da biyar." Ya yi murmushi. "Mu arba'in ne a ajin. Duk za ka kama mu?"

Gaskiyarsa. Ganye da tsohon littafi ba za su sa mutum ɗari biyu su ajiye adda ba. A lokacin ne kuwa ihu ya tashi daga bakin ƙofar kwaleji. Motar dangin Wemin ta iso.

Tsoho Kaupa, uban Wemin, ya sauko, gajere, ba takalmi. Bomai ya zaro rodi daga wuta, ya yi ja wur, ya miƙa masa. Morea ya shiga tsakaninsu.

"Baba, maganar mutuwar ɗanka tana hannuna, ni zan amsa. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin a taɓa kowa, ka raba abinci da shugabannin ƙungiyarsa, kamar yadda ake yi."

Tsohon ya dube shi ya daɗe. Ya gane. Duk wanda aka haifa a tsaunukan nan ya san wanda ya zubar da jini ba ya cin abinci daga hannun dangin mamaci. In ya ci, cikinsa zai kumbura, 'ya'yansa su bi shi.

Kaupa ya ciro gasasshen dankali daga jakarsa, ya ɓare, ya gutsura, ya ba Bomai. Bomai ya ci. Ma'aji ya ci. Mataimaki ya ci.

"Malam," tsohon ya ce, yana miƙa wa Gende. "Kai ne ubansa a nan. Ci."

"Na karya tun safe, Baba."

"Loma ɗaya."

Gende ya karɓa. Ya kai kusa da baki, hannun ya tsaya. Gumi ya wanke lakar goshinsa.

"Ina da yara uku," ya ce a hankali. Dankalin ya faɗi ƙasa. "Ni ne Mai Ƙulli, ni na aika wa Wemin ganyen. Roƙonsa na je yi. Na ce ya cire shafin, ya ce tarihi ne. Ya juya mini baya zai tafi. Dutsen na kusa da ƙafata."

Saje Yopo ya sa masa ankwa da sauri. Taron ya motsa gaba ɗaya, adduna suka ɗaga. Taku hamsin ne zuwa mota, Morea ya san ba za su kai ba.

Sai tsoho Kaupa ya kama wuyan rigar Gende.

"Nawa ne," ya ce. "Na ba gwamnati shi. Wanda zai sare shi ya fara da hannuna."

Haka ya ja shi har mota. Da ta tashi, ya dafa ƙofarta ya bi ta da ƙafa, a hankali, har suka fita daga kwalejin. Sannan ya zauna a bakin titi ya fara kuka.