Mai Ƙwanƙwasa a Cikin Murjani

Ruwan sama ne ya koro Mu'mina cikin shagon Umair, tana dawowa daga kasuwar Mokolo da ledar cefane. Ɗan ƙaramin shago ne a unguwar Briqueterie ta Yaoundé, cike da akwatunan gilashi na kifi. Babban cikinsu na ruwan gishiri ne, mai shuɗin haske, murjani na kaɗawa a kan duwatsun da aka kawo masa daga teku a Kribi.

"Furanni ne?" ta tambaya.

"A'a, murjani ne, halittun teku masu rai. Na yi shekaru ina renonsu."

Ita tana kallon murjani, shi kuwa bawan Allah ya manta da wani murjani.

Sai suka ji ƙwas! Kamar an ƙwanƙwasa gilashin daga ciki. Babu kifin da ke kusa.

"Mene ne wannan?"

"Wallahi ni ma ban sani ba," in ji shi a hankali.

Soyayya ta kankama, ƙarar ma ba ta daina ba. Wata safiya ya turo mata saƙo: "Murjanata, yau ma kifi ɗaya ya ɓace. Ko ƙaya ban gani ba. Gabana na faɗuwa, sai na tuna ki nake samun sauƙi."

Ta amsa: "Courage, ka daure, masoyina. Ka riƙe addu'a. Ina tare da kai."

Idris, wanda ya nemi Mu'mina bai samu shiga ba, shi ya kai maganar ƙarar da ɓacewar kifin majalisa. A Yaoundé kowa ya taɓa jin labarin masu ajiye wani abu a ɗaki suna ciyar da shi don neman arziki. Kafin a ce me, unguwa ta ɗauka cewa Umair ma haka yake yi.

Da maganar aure ta taso, aka tura Baffa Yuguda, yayan mahaifinta, dillalin shanu a Etoudi, ya yi bincike kamar yadda aka saba. Ya zo bayan la'asar ya zauna gaban akwatin. A bakin wani rami ya ga ɓawon katantanwa an farfasa an tara. Ƙwas! Sai wasu idanu biyu suka leƙo, kowanne na juyawa nasa gefen, suka tsaya a kansa.

Baffa ya miƙe yana salati. "Yau kifi, gobe 'yarmu. Ba da ni ba."

Mu'mina ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta kira Umair ta ce, "Ni na yarda da kai, vraiment, da gaske. Amma Baffa sai ya gani da idonsa."

Hanya ɗaya ce, Umair ya san ta. A ciro duwatsun a tsoma su a ruwan famfo, duk abin da ke ɓoye zai fito. Murjanin da ya manne a jikinsu kuwa ba zai rayu ba.

Ya je da kansa ya roƙi Baffa ya dawo. A gabansa ya naɗe hannun riga yana ciro dutse bayan dutse, yana tsomawa a bokitin ruwan famfo. A dutsen ƙarshe wani abu kore ya fallo cikin bokiti, tsawon yatsa, gabansa kamar ƙoƙi-ƙoƙi, bayansa kamar jatan lande. Ya naushi bokitin, ƙwas!

Umair ya sauke ajiyar zuciya. "Crevette-mante ce, Baffa, dangin jatan lande mai naushi. Tun tana ƙarama ta biyo dutsen. Murjani ba ta cinsa, sai kifi da katantanwa. Ita kaɗai ake ajiye ta."

Baffa ya daɗe yana leƙen bokitin. Sannan ya dubi murjanin da ya fara yaushi yana komawa fari.

"Waɗannan fa?"

"Sun mutu, Baffa."

"Ka san haka kafin ka tsoma?"

"Na sani."

Baffa Yuguda da kansa ya yi walicci ranar ɗaurin aure. Da aka shafa fatiha ya riƙe hannun ango bai saki ba, ya ce:

"Ni na sa ka kashe abin da ka rena, ɗana. Ga wadda muka rena, mun ba ka. Allah ya yi muku albarka."

Jama'a suka amsa da amin, Umair na share hawaye.