Guntuwar Ganuwar Kawu

A shekarar farko ta Sarki Ƙarami, wanda ya hau gadon mahaifinsa bayan doguwar rigima da yayansa, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai fada ta zauna kan aikin gayyar rani. Gari a lokacin ya cika ya batse. Ayari ya sauya hanya ya biyo ta nan, maƙera da masaƙa da majema suka yi ta kwararowa, har ganuwa ta kasa ɗaukarsu, suka kakkafa bukkoki a bayanta. Rijiya kuwa ɗaya ce tal, tana ciki. Tulun ruwa ya kusa kamo kwanon hatsi tsada.

Sarkin Yaƙi, dogon mutum mai kaurin murya, ya ce a ƙara wa ganuwa tsawo, domin yayan Sarki da ya gudu yana can yana tara mayaƙa. Sarkin Kasuwa kuwa, ƙanen mahaifiyar Sarki, wanda duk gari ke ce wa Kawu, ya ce a faɗaɗa ta ta rungumo baƙi da gonakinsu, a haƙa wa kowace unguwa rijiya. Hannun da ke garin ba zai iya duka biyun a rani ɗaya ba. To, Kawu gajere ne, ko jaki zai hau sai an tallafa masa. Sarkin Yaƙi ya dube shi daga sama ya ce, “Allah ya ba ka nasara, Kawu ganuwa yake so daidai tsawonsa.”

Fada ta kwashe da dariya, Kawu ya taya su. Amma ya lura da abu guda: duk masu dariyar nan, babu wanda ya san yadda ruwa ke shiga randarsa.

Washegari ya tare masu ɗebo wa fada ruwa a bakin rijiya, ya murtuke fuska ya ce musu yau babu shiga gaba, kowa ya bi sahu. Suka ɗauka daga sama umarnin ya fito. Aka zauna fadanci, rana ta take, Sarki ya nemi ruwa aka ce yana tafe. Ya sake nema, aka ce ya kusa. Muryar Sarkin Yaƙi ta dushe ana tsakiyar zancen tsawo. Sai da rana ta karkata aka shigo da ƙwarya guda, rabinta laka.

Sarki ya leƙa ƙwaryar ya ce, “Kawu, wannan aikinka ne.”

“Nawa ne, ranka ya daɗe. Ban hana ka ruwa ba, tulunka kawai na sa ya bi sahu. Na bayan ganuwa har a rufe ƙofa wani bai ɗiba ba. Ran da yayanka ya iso, bayan wa kake tsammani za su tsaya?”

Sarki ya daɗe yana juya ƙwaryar, sannan ya ce, “Na bi shawararka. Amma in maƙiyi ya tsallaka guntuwar ganuwarka, ran nan babu kawu babu ɗa. Kanka ne zai biya.”

Kawu ya shafa wuyansa ya ce, “Ba komai, ranka ya daɗe. Ba shi da nisa da ƙasa, ba zai ji faɗuwa ba.”

Aka shiga aiki. Ƙasar da aka fito da ita daga rijiyoyi ita aka kwaɓa aka ja ganuwa, ta zagaye bukkoki da marina da gonaki. Kafin rani ya ƙare, mai sayar da ruwa ya nemi wata sana’a. Tsawon ganuwar dai, in namiji ya miƙa hannu yana taɓa kanta.

Da bazara yayan Sarki ya iso da rundunarsa. Bai san an haƙa rijiyoyi ba, sai ya sauka a bakin rafin da ke wajen gari ya tsare shi, yana jiran ƙishirwa ta buɗe masa ƙofa, baƙin gari kuma su zo su yi masa mubaya’a. Mayaƙansa da suka ga ganuwar sai dariya, wani ya ce akuya ma a guje za ta haye.

Sarkin Yaƙi ya auna tsawon zagayen ya ga dakarunsa ba za su rufe ko rabi ba. Sai ga maƙera da guduma, masaƙa da sanduna, mata da taɓare, kowa ya tsaya daidai bayan gidansa. Sarkin Yaƙi, a faɗi gaskiya, ya jera su kamar ya shekara yana horar da su.

Hari mafi zafi ta unguwar majema ya zo. Kawu ya kife turmi ya hau don ya gani. A gabansa wani ƙato ya ɗora ƙafa bisa ganuwa, ya zuro ta ciki. Matar wani majemi ta dunƙule ta zunguri ƙirjinsa da taɓarya, ya koma inda ya fito. Kawu ya daka tsalle yana ihu, “Jama’a, a shaida! Ƙafa ɗaya ce! Bai tsallaka ba!”

Zama ya yi tsawo, rafi ya janye ya koma kwata. Kawu ya sa aka zura tulun ruwa garai-garai da igiya, da saƙo: a kai wa Yaya ya jiƙa maƙoshi, in yana son ƙari ya shigo ya bi sahu. Da ruwan shuka ya sauka, mayaƙan waje suka hango gero na tsirowa a cikin ganuwa, kowa ya tuna gonarsa. Suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har yayan Sarki shi ma ya naɗe tantinsa.

Masu ba da tarihi sun ce a rani na gaba Sarkin Yaƙi ya sami tsawon da yake nema, Kawu da kansa ya ɗauki kwandon ƙasa na farko. Amma gefen majema aka bar shi yadda yake, bisa umarnin Sarki, har yau kuma nan ake fara kai baƙo. Sarakuna da yawa sun gina abin da ya fi wannan tsawo, ya rushe da su a ciki. Mu dai abin da kakanninmu suka bar mana shi ne ganuwar da akuya za ta iya hayewa, runduna guda kuma ta kasa, don kowane taku nata akwai mai rijiya a bayansa.