Gwaji na Sha Bakwai

Da faɗa ta fara shigowa ɗakin gwaji, rungume da rauta, na'urar rarraba intanet, kamar jaririya.

"Wa ya rubuta manhajar da ta kayar min da na'ura?"

Dogo ya ɗago daga bayan tarin wayoyi, ya gan ta, ya manta abin da yake yi. "Ni ne, Injiniya."

Manhajarsa takan aika wa rauta saƙonni, ta duba ko amsar ta bi ƙa'idar sadarwa. Na'urar Injiniya ta haye komai sai gwaji na sha bakwai. A nan ake aika guntulallen saƙo da gangan. Ƙa'ida ta ce a watsar da shi, tata kuwa sai ta amsa.

Mako uku suna zama benci ɗaya. Gyara bai samu ba, soyayya ta samu.

"'Yar rigimata, kin ci abinci?" yakan tambaya.

"Manhajarka ta ƙosar da ni."

Da maganar aure ta taso, babanta ya ce sam. "Yaron da bai gama sakandare ba?" Ɗan amininsa mai digiri biyu yake so ya ba ta.

Saura kwana biyu a miƙa na'urar, shugabanta ya ce in ba ta haye ba zai ba wani aikin. Ta tura wa Dogo saƙo:

"Masoyi, ka cire na sha bakwai kawai. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani, zuciyata. Komai nawa naki ne ban da wannan. Zo mu nemo matsalar tare."

Ta koma gida da kuka.

"Baba, kun yi gaskiya, ba ya sona."

Baba ya karanta saƙonnin, ya cire tabarau. "Ke da bakinki kika roƙe shi, ya ƙi?"

"Ƙememe!"

"Kira min shi."

Dogo ya zo da kwamfutarsa. A teburin falo suka gano cewa na'urar ba ta duba tsawon saƙo kafin ta amsa. Layi uku na gyara Injiniya ta rubuta, na'urar ta haye.

"Turo min iyayenka," in ji Baba.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kan Dogo. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Amma ɗana, a gida ka riƙa ɗaga mata ƙafa."

"Kullum, Baba."

Amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Baba, sa shi ya rubuta wannan alkawari."