Sha-Kallo a Cikin Akwati

Mu da muka ga jiya muka ga yau, ba mu taɓa taka ƙofar aji ba amma duniya ta karantar da mu har bangon ƙarshe, ba kowace gawa ke hana mu cin abinci ba. Wannan kam ta hana.

Rana ta fara karkata aka kira Sufeto, wai an yi mutuwa a ƙofar wani shagon kayan lantarki. Ya tarar da jama'a cunkus, kowa ya ɗaga waya sama, babu mai salati. A tsakiyarsu ga akwatin ƙarfe mai tsawon mutum, murfinsa a buɗe. A ciki ga saurayin nan da ake kira Sha-Kallo, mai barkwanci a waya, wanda 'yan kasuwa ke ɗauka ya yi musu talla.

Tallar ranar ta fanka ce mai caji. An kulle shi da ita cikin akwati a tsakar rana, ana haska wa duniya kai tsaye, don a ga iskarta ta fi ƙarfin zafi.

Sufeto ya tsuguna. Ya danna fankar, shiru. Ya ɗago hannun mamacin, gaɓoɓin yatsun duk sun saɓule. A cikin murfin ma ga jirwayen jini.

"Kofur, makullin yana hannun wa?"

"Wansa ne, yallaɓai. Manaja suke ce masa."

Manaja ya matso, ido jajir, waya tana ta kaɗawa a aljihunsa.

"Yaya kuka yi da shi in ya ji wuya?"

"Mun yi da shi ya buga murfi in buɗe. Wallahi bai buga ba, yallaɓai. A kan akwatin nake zaune ina magana da masu kallo. Mai waldan da ya ƙera akwatin ne ya cuce mu, bai bar masa hanyar iska ba."

Kafin ya rufe baki samari sun yi kan mai walda da duwatsu. Da ƙyar Kofur ya cusa shi a mota, goshinsa na zubar da jini.

A ofis mai walda ya riƙa rantsuwa.

"Na huda, ranka ya daɗe! Gefe da gefe na huda, yatsa na shiga. Na kuma ce musu a inuwa za a ajiye. Ƙarfe ai ba ya wasa da rana."

Sufeto ya koma gun akwatin ya shafa gefensa. Babbar takardar talla ce liƙe, mai hoton fanka. Ya ɓare ta. Ga hudojin nan a jere, duk a toshe.

Mai shago ya ce bai san wanda ya liƙa ba.

"Sunan shagon wa ke jiki?"

"Nawa ne, amma..."

"Gam ɗin da ke hannun rigarka fa, na gado ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni na liƙa. Manaja ya ce in sunan bai fito a hoto ba, aikin banza ne. Shi ya jawo akwatin cikin rana ma, wai inuwa na ɓata hoto. Amma bugu ban ji ba, kiɗa ya cika wurin."

"Wa ya ƙure lasifikar?"

"Manaja ne, da wayarsa yake juya ta."

Sufeto ya sa aka tsare mai shagon. Amma ƙure kiɗa ba shaida ba ce. Mutum na iya cewa bai ji ba, kunne kuwa ba a buɗe shi a duba.

Da safe ya je gidan mamacin. Ɗaki ne guda da ɗan tsakar gida, fitilar ɗaukar hoto mai zobe a jingine kusa da randa. Uwar tana zaune a tabarma, Manaja a gefenta yana karɓar gaisuwa. Shi da mamacin kaɗai Allah ya bar mata.

"Sannu da haƙuri, Inna."

Ta kama hannunsa. "Ɗan nan, ka nemo min wanda ya kashe min auta. Ina nan zaune ina kallonsu a wayar maƙwabciyata, ina dariya. Dariya, Sufeto! Har nake ce mata, ke dubi kwalbar ruwan yayansa, ita ma rawa take yi."

Sufeto ya dubi Manaja. Ya daɗe a aikin nan, ya san lokacin da shaida ke fitowa daga bakin da bai so ba.

"Manaja, ba ni bidiyon."

"Yana kan intanet, yallaɓai, kowa na gani."

"Ba ka goge shi ba?"

Manaja ya miƙa masa wayar.

Suka fita zaure. Sufeto ya kashe muryar bidiyon, ya riƙa ja a hankali. Ga Manaja zaune a kan murfi yana washe baki, ga kwalbar ruwa a gefensa. Can sai ruwan ya fara girgiza. Kwalbar ta yi tsalle, ta sake, ta gangara. Manaja ya cafke ta, ya dubi murfin da ke ƙarƙashinsa, ya dubi wayarsa, ya murza wani abu. Daga nan ya gyara zama.

"Kunne ya ce bai ji ba. Mazaunai fa?"

Manaja ya zame jikin bango ya zauna.

"Kullum haka yake, yallaɓai, saurin karaya gare shi. Ranar da muka rataye shi a bene don tallar igiya, ya yi ta ihu, na ƙi sauke shi. Da ya ga yawan masu kallo har rungume ni ya yi. Jiya mutane na ta shigowa kamar fari, ba mu taɓa ganin irin haka ba. Na ce bari su ƙaru kaɗan. Da suka ƙaru na ce bari su ƙara."

"Da bugun ya tsaya fa?"

"Na ɗauka ya haƙura ne."

Kofur ya fito da ankwa. Sufeto ya ce masa a saki mai walda, a kai shi a ɗinke masa goshi.

Ƙarar ankwar ce ta fito da tsohuwar, ba mayafi. Ta dubi hannun ɗanta, ta dubi Sufeto. Ba ta yi kuka ba.

"Ni na faɗa, ko?"

Sufeto, wanda ya sha tsayawa gaban 'yan fashi ko gezau, ya kasa ɗaga ido.

"To wa zai sa min ƙanensa a kabari?"

Aka wuce da Manaja mota. Wayarsa kuwa na aljihun Kofur, tana ta kaɗawa har suka isa ofis.