Oba-oba a Hanyar Shu'aiba

Ranar Laraba ce. Hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, amma a Jidda ko ɗigo bai sauka ba.

Abdulghani, ɗan kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ya ce in kai karafan bakin teku a Shu'aiba, iyalinsa za su biyo washegari. Karafan mota ce mai ɗaki da gado da kicin a ciki. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa ta. Ya nuna oba-oban da ke manne kusa da sitiyari, 'yar rediyon da direbobi ke magana da juna da ita.

"Ya ammi, Baba Salihu, cire wannan tarkacen. Kowa yana da wayar jawwal yanzu, shi ke nan."

Na ce to. Ban cire ba.

Gwadabe ne a gabana da motar tankin ruwa, shi ma da tasa oba-oban. Tare muka tsufa a unguwar Bab Makka. Shi surutu, ni shiru. Muna fita gari ya fara.

"Salihu, kana raye? Ka yi tari mana in ji."

"Tuƙa."

Muka bar kwalta dab da magariba. Sabis ya ɗauke. Iska ta tsaya cak, warin gishiri da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, alhali ba a yi ruwa a nan ba. Fitilun Gwadabe suka ɓace bayan wani tudu.

Oba-oba ta yi ƙara. Sai na ji murya.

Muryata ce.

Hannuwana biyu suna kan sitiyari.

"Gwadabe, ɗan'uwana," in ji ta, a hankali. "Don Allah bi hagu, ka gangara kwari. Motata ta kafe a can. Zo ka taimake ni."

"Ya aka yi ka wuce ni?" in ji Gwadabe. "To, ga ni nan."

Na san kwarin. In aka yi ruwa a duwatsu, ta nan yake bi ya shiga teku. Na sauke gilashi. Can nesa na ji gurnani kamar na manyan motoci a jere.

Na danna maɓalli. Oba-oba ba ta ɗaukar baki biyu lokaci guda, kuma muryar ta riƙe layin.

"Matso. Ƙara matsowa. Allah ya saka maka."

Na yi hon. Ba amsa.

Na hau tudun. Ga jan fitilunsa can ƙasa, suna gangara.

Na karanta Ayatul Kursiyyu, yatsana a kan maɓalli. Muryar ta ja numfashi. Na danna.

"Kai, jaki! Koma baya!"



"Kada ka saurare shi," in ji muryar. "Ni ne Salihu, abokinka."

Fitilun suka tsaya. Sai farar fitilar ribas ta kama.

Ruwan ya iso ɗauke da itace da duwatsu. Ya daki gaban motarsa, ya fasa fitila ɗaya. Gwadabe ya hauro da kyar, ya faɗo ƙasa daga motar.

"Ya ka gane ni ne?" na ce.

"Shekara arba'in," ya ce da raɗa, "ba ka taɓa ce mini don Allah ba."

A cikin karafan muka yi sallar magariba, ƙofa a kulle. Na kashe oba-oban. Sau biyu ta kira sunana a kashe, da muryar Gwadabe, alhali yana zaune kusa da ni.

Da safe na ɗauko sukudireba zan cire ta. Na daɗe a tsaye, ina kallon fasasshiyar fitilar Gwadabe. Sai na ƙara ɗaure kusoshin.