Kibiya a Ƙarƙashin Ƙofa

"Kin san yana cikin jirgin nan?"

Nana Fatima ta sunkuyar da kai. Farar rigar aikinta ta nas tana jikinta.

"Na sani, Baba."

"Shi ya sa kika kawo ni."

"Na kawo ka ka huta ne... kuma ka gan shi."

"Na gan shi. Ki ce a tsaya in sauka."

"Baba, teku ce. Kwana arba'in ne."

Ranar kwananmu huɗu da barin tashar jiragen ruwa ta Bur Sa'id a Masar. Ni Iliya Maikano, shekara talatin da uku ina tuƙa motar ofishin jakadanci a Alƙahira. Duk ranar da raina ya ɓaci, makullin mota nake ɗauka in fita. Nan babu makulli. Tagar ɗakina ma ba ta buɗewa.

Yaron sunansa Abakar, Bahaushen Sudan, yana cikin masu riƙe sitiyarin jirgin. Bara ya zo gidana a Giza neman aurenta. Ko shayi ban ba shi ba. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa, suka zauna a hanya, ba su koma ba. Shi kuma ya bar ƙasa ya hau ruwa. Ni ina da fili a Azare. Tun da muka binne mahaifiyarta Hindu a Alƙahira nake da niyyar in kai 'yata gida. Ita kaɗai gare ni.

Ta zaro wata takarda daga aljihu ta ajiye a kan gado.

"Mene ne?"

"Sabuwar kwangila. Wata tara."

"Kin ce wannan ce tafiyarki ta ƙarshe."

"In ka yarda da shi, ita ce ta ƙarshe. Shi ma an ba shi aiki a mashigin Suwes, zai riƙa kwana a gida. In ka ce a'a, ba zan aure shi ba, Baba. Ba zan saɓa maka ba. Amma ba zan iya zama a Giza ina kallon bango ba. Kafin mu koma zan sa hannu."

"Barazana ce?"

"A'a... gaskiya ce."

Na juya mata baya.

Rayuwar jirgi ci ne da kwanciya. Tun safe abinci, har faɗuwar rana abinci. Tsofaffin Turawa su shafa mai su baje a rana kamar an shanya kifi. Yau bikin haihuwar wani, gobe na shekara hamsin da auren wasu, jibi liyafar kyaftin. Ranar da suka ce mun tsallaka tsakiyar duniya, wani ƙato ya manna gemun auduga, ana watsa wa mutane ruwa suna sumbatar ɗanyen kifi. Aka miƙo mini kifin. Na dubi mutumin har ya janye.

In mun isa wata tasha kowa ya fita yawo. Ni fasfo ɗina ba biza. Sai in tsaya jikin ƙarfe ina kallon ƙasa, ga ta, ba halin takawa.

Sau ɗaya na hango ta ita da Abakar a bayan asibitin jirgi. Tsakaninsu ya kai taku uku. Ba su gan ni ba.

"Nanata, kin rame," in ji shi.

"Kai ma."

"Ki daina kuka. Uba ne. In da ni ne ma ba zan ba da ke da sauƙi ba."

Ta yi dariya tana share ido. Dariyar Hindu ce sak. Na koma ɗaki.

Sallah a saman jirgi nake yi, a wani lungu bayan kwalekwalen ceto. In lura da inda rana ta fito, in shimfiɗa darduma in kalli can. Haka na tashi na ga ana yi.

Ran nan na idar da la'asar sai na ga yaron tsugune nesa kaɗan, ya cire hularsa ta aiki. Ya jira har na shafa.

"Baba, ma'alish, ka yi haƙuri. Magana ɗaya."

"Ba ni da magana da kai."

"Ba ta aure ba ce. Ta alƙibla ce."



Ya sassauta murya. "Mun wuce Makka kwana goma sha biyu da suka shige. Yanzu tana bayan kafaɗarka ta hagu."

"Shekara saba'in ina kallon gabas. Kai za ka koya mini?"

"A Azare gabas ce, Baba. Nan mun zagayo ta ɗaya gefen."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Na zauna a kan dardumar har ƙafata ta sage. Direba ne ni. Na san in ka wuce gari, garin bayanka yake komawa. Kwana goma sha biyu ina ba ɗakin Allah baya, kuma ɗan ruwan da na hana shayi shi ya gani.

Kashegari na tarar da 'yar takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Babu rubutu. Zanen jirgi ne, da kibiya ta fito daga cikinsa. Na yaga ta. Amma sai da na duba sosai.

Kafin azahar wata ta zo. Duk lokacin da jirgi ya sauya hanya, sai sabuwa ta zo. Ban ƙara yagawa ba.

Na jira in ji maganar a bakin 'yata. Kwana uku shiru. Sai na gwada ta.

"Yaron nan bai ce miki komai a kaina ba?"

"Kamar me, Baba?"

"Komai."

"Cewa ya yi kawai in riƙa kai maka shayi mai na'ana'a, na jirgi ba ya yi maka." Ta dube ni. "Wani abu ya faru?"

"Babu."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, kana cewa kakanninsa sun fito ba su koma ba... Kai shekara nawa ka ce za ka yi a Masar?"

Shekara biyu na ce wa Hindu zan yi, tun tana raye. 

Babbar Sallah ta same mu a tsakanin wasu tsibirai, jirgi yana ta karkata dama da hagu. Musulmin ma'aikata suka samu izinin yin idi a bayan jirgi, wurin da ake tara igiyoyi. Aka zo aka tafi da ni. Mun kai mutum ashirin: Misirawa, 'yan Indonesiya, wani mai dafa abinci daga Sanagal. Mata huɗu a baya, har da 'yata.

Wani Bamisire ya kama hannuna. "Yalla ya Hajj, zo ka ja mu sallah, kai ne babba."

"Karatuna ba nisa."

"Furfurarka ta yi nisa."

Aka yi dariya.  Jirgin da ke juyi haka, ina zan kalla? In tambaya a gaban mutane? Sai na ga an riga an shimfiɗa dardumar liman. A gefenta an manna 'yar takarda da zanen da na sani.

Na yi kabbara. Tun daga fatiha har sallama inuwar ƙarfen da ke gabana ba ta gusa ba. Jirgi ya miƙe ɗoɗar kamar a kan kwalta.

Aka shiga gaisawa, mai dafa abinci yana raba soyayyen naman rago a faranti. Na duba sahu. Ba ya nan.

"Ina yaron?" na tambayi Bamisiren.

"Abakar? Yana sama. Yau hutunsa ne, amma ya karɓi aikin wani. Ya roƙi kyaftin minti ashirin ba juyi, ya ce shi zai riƙe da hannunsa." Ya girgiza kai. "Shekara uku yana jiran idi ya faɗo ranar hutunsa."

Na mayar da naman da ke hannuna cikin faranti.

Da la'asar na ce wa Nana Fatima ta kira Abakar, ta zo da takardar kwangilarta da butar shayi. Suka shigo. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Ita ta jingina da bango.

Na zuba shayi. Kofi ɗaya. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, bai sha ba.

"Daga nan ina Giza take?"

Ya ɗan yi tunani, ya nuna kusurwar ɗakin.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"To ka san hanya. Ka turo manyanka."

"Baba..." in ji Nana Fatima. Ta durƙushe ta kifa kai a gwiwata tana kuka. Na zare takardar daga hannunta na ninke na sa a aljihu.

"Khalas. Ya isa. Kai kuma sha, zai huce."

An ɗaura auren a wani masallaci a unguwar Hayyus Sabi' ta Alƙahira, bayan sallar Juma'a. Da aka watse na hau tasi ni kaɗai zuwa maƙabarta. Na tsuguna wajen Hindu na faɗa mata. Na ce mata filin Azare zai ƙara jira.

Takardun kibiyar suna cikin akwatina, guda hamsin da takwas. Ta farkon ce kawai babu.