Kububuwa a Ɗakin Tantabarun Usmanu

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Jega: maciji ya sari wata mata a Sabiyal, ta kwana tana zubar da jini, ta cika da asuba, kuma mutanen gari sun yi wa mijinta ƙawanya da sanduna.

Sufeto Hayatu ba ya ƙaunar jin ko sunan maciji. Mutum ne da ya sha artabu da 'yan fashi a hanyar Sakkwato, amma ko guntun igiya ya gani a ƙasa sai ya daka tsalle. Haka nan ya daure, ya kira Kofur Muntari suka hau Landiroba.

Sun tarar da Usmanu, mijin marigayiya Kubura, a tsugune cikin zaure. Wani dattijo ne kan gaba a masu ihu, idanunsa jajur.

"Wane ne kai, Baba?" in ji Sufeto.

"Labbo. Ni na haihi Kubura. Wanga yaro shi ya kashe min ɗiya! Shi ya ce ta sa hannu ta ɗauko 'yan shila, shi ko ya tsere kasuwa!"

"Haka ne, Usmanu?"

"Na ce ta ɗauko, ranka shi daɗe. Romo nike son ta sha, ba ta da lahiya. Amma wallahi maciji bai iya shiga ɗakin tantabarun ga."

"Ina macijin?"

Aka nuna masa ɗakin tantabarun. Ashe yana ciki har yanzu, babu wanda ya yi ƙarfin halin buɗewa.

Ɗakin tantabarun na laka ne, a kan dirkoki huɗu, dab da katangar bayan gida. Usmanu ya naɗe kowace dirka da kwano mai santsi, ya kewaye gindinta da ƙaya saboda muzuru da gafiya. Ta tsakar gida akwai 'yar taga mai murfi inda ake zura hannu. Ƙofar tsuntsayen kuwa tana can sama, tana kallon waje.

Gumi ya jiƙe wa Sufeto kaki. Ya sa doguwar sanda ya ture murfin, ya ja da baya yana salati. Abin ya sulalo ya faɗo tim, yana murɗa jiki yana ƙara kamar ana goga ƙasa a kwano. Mata suka watse da ihu. Kofur Muntari ya rafke shi.

"Kububuwa ce, Yallaɓai," in ji Kofur. "Ita ko ba ta hawan komai, balle kwano. Cikin gona take kwanciya."

To, wa ya ɗora ta? Sufeto ya taka turmi ya leƙa ƙofar tsuntsayen. An cusa mata busasshen karan albasa tam, kuma daga waje. Yana zarewa tantabarun suka yi ta fitowa fir-fir.

"Usmanu, kai ke toshe nan da dare?" in ji Sufeto.

"Ban taɓa ba," in ji Usmanu. "Don haka na sa kwano. Kuma ni tela ne, ban noman albasa."

"Gonar wa ke bayan katanga?"

Usmanu ya sunkuyar da kai. "Lambun Baba ne."

"Rabona da wajen nan tun damina," Labbo ya yi caraf ya ce. "Ƙahwata na ciwo."

Sufeto ya zagaya baya, jama'a na biye. Ga kwamin irin albasa nan, wato fangalin renon iri, sabon yayyafi, duk sawun tantabaru ya tattake shi. A gindin katanga ga ramuka biyu inda ƙafar tsani ta nutse a laka. Kofur ya ɗaga tarin ciyawa da bakin sanda, sai ga gora mai faɗin baki, wadda maciji zai shige ta tsaf, an toshe ta da irin karan nan.

"Baba Labbo, gorar wa ce?"

Dattijon ya ƙura wa gorar ido. Sandarsa ta faɗi. Sai ya zube a kan kwamin.

"Sau ukku ina zuba iri tantabarun ga suna tsincewa," ya ce. "In na yi magana a ce na tsangwami suruki. Na ce bari in sa kububuwa ciki ta gama da su, kowa shi ce ƙaddara ce. Tantabaru nika nuhi, Yallaɓai! Ina sane da Kubura ba ta taɓa ɗakin, tun tana ƙarama tsoron fuka-fuki take. Mi ya kai hannunta ranar?"

"Sai ka bari a kashe Usmanu kuma?" in ji Sufeto.

"Tsoro na ji. Na kasa faɗin ni ne."

Waɗanda ɗazu ke neman jinin Usmanu suka shiga ajiye sanduna ɗaya bayan ɗaya. Kofur ya buga wa Labbo ankwa.

Suna isa ƙofar gida aka fito da makara. Labbo ya tirje.

"Yallaɓai, don Allah ka bari in yi wa ɗiyata salla."

Sufeto ya dubi Usmanu. Usmanu ya share hawaye, ya matsa gefe ya ba shi wuri a sahu. Haka Labbo ya yi kabbara da ankwa a hannu.

Da motar ta bi ta gefen lambun, tantabarun sun sauka a kan kwamin suna ta tsince iri. Ko ɗaya macijin bai taɓa ba.